Takalman Garma

Ƙaramar taraktata, wadda yara ke kira Akuya,
takalma biyu gare ta, ba a taya ba,
can ƙarƙashin bakin garma.
Ƙarafa ne biyu, tsawon taƙi da ɗan ƙari,
su ke jan ciki a ƙasa,
su ce wa baki: iyakarka nan, kar ka zarce.

Shekara shida ban durƙusa na dube su ba.
Na san mai da tsadarsa,
na san bel da kukansa,
amma abin da ba ya ƙara, wa ke gaishe shi?

Sai ranar Talata, a fadamar Pitowa,
ruwan Mayo Kebbi ya ja baya,
irin albasa ya isa dashe,
Akuya ta kafa baki ta ƙi ɗagowa.
Ta wuce laka, ta tono yashin da ko kakana bai gani ba,
ta yi tari uku, ta mutu a tsakiyar fangali.
Na kwanta rub da ciki na leƙa.
Na dama ya koma kamar reza,
na hagu rana nake hange ta cikinsa.

Garwa, babbar kasuwa.
Mai shago ya juya shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera.
Wai sai an aika Duwala,
wai mako uku in hanya ta yi kyau,
wai jaka goma sha takwas na sefa, rabi yanzu.
Na ce masa albasa ba ta san mako uku ba.
Ya ce shi ma bai san albasa ba.

Barau mai walda ne ya karɓe ni, bayan tashar Gidar.
Bai ce komai ba. Ya aza tsohon a kan kwali,
ya zagaye shi da gawayi,
ya jawo sifirin wata motar auduga
da ta mutu a hanyar Ngong tun ina saurayi.
Tartsatsi ya ci masa hannun riga.
Ya lanƙwasa goshin kamar na kwalekwale,
ya huda ramin noti biyu biyu,
ya tsoma a ruwa, ƙarfe ya yi tsaki.
Jaka huɗu, da goro ɗaya da ya gani a aljihuna.

Da asuba na ɗaura. Akuya ta tashi, ta bi ƙasa sumul,
har na fara waƙa.
Sai da na saki ruwa na ga aikin:
na hagu ya gaza da kaurin ɗan yatsa,
duk fangalin ya karkace,
ruwan da na saya da fetur ɗina
ya miƙe ɗoɗar zuwa tumatir ɗin Hamajoda.
Ya leƙo ta kan shinge, yana murmushi,
ya ce Allah ya saka wa maƙwabci.

Garwa da nisa, rana ta take.
Na zauna a kan kunya na dubi ƙafata.
Takalmin taya ne, na Lahadin bara.
Na zare wuƙa na yanke dundunen,
na huda, na cusa tsakanin ƙarfe da ƙarfe,
na matse noti har sifana ta yi zafi.
Wannan karon ƙasa ta kwanta kamar tabarma.

Na koma gida ƙafa ɗaya na cin ƙaya.
Ladidi ta dube ni daga sama har ƙasa,
ta ce: to, an yi wa Akuya takalmi.
Tsofaffin biyun kuwa ta karɓe,
ta rataye su a bishiyar mangwaro da igiyar rama.
In iska ta taso suna kaɗa juna,
tsuntsaye ba sa sauka a shanyar kuɓewarta.

Shekara shida suna aiki shiru.
Yanzu ba sa bari in yi barcin rana.